Kafin ka zuba kuɗɗinka a ekaran na 144Hz ko 240Hz: jagora ga ƴan gem na Maradi

Ƴan uwa masu buga gem, yanzu dai ekaran masu gudu sun shigo kasuwa sosai, wasu daga Kano ake kawo su, wasu oda ake yi daga Dubai ko Sin, wasu kuma okaziyo ne da aka yi aiki da su a Turai, kuma kowane kwali ka duba sai ka ga an buga babbar lamba a jiki, 144Hz, 165Hz, 240Hz, 1ms. Abin da ke damuna shi ne yara da yawa suna tara kuɗɗi wata da watanni su je su sayi lambar nan, su zo gida su jona, hoto ya fito daidai da na tsohuwar telensu. Lambar kwali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Ga yadda ni nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na 1: fara da na'urar da ke ɗakinka

Hz yana nufin sau nawa ekaran ke sabunta hoto cikin daƙiƙa guda. Na 60Hz sau 60, na 144Hz sau 144. To amma ekaran ba shi ke ƙera hotunan ba, PlayStation ɗinka ko kart grafik na odinatarka ne ke ƙera su ya turo, kuma yawan abin da yake turowa a daƙiƙa shi ake ce ma fps. Tiyo mai faɗi ba ya ƙara ruwan da famfo ke kawowa. In na'urarka hoto 60 take bayarwa, ko ekaran na 360Hz ka jona mata, 60 ɗin nan za ka gani.

Saboda haka in PS4 gare ka, ko Slim ko Pro, ka tsaya nan, iyakarta 60 ce, ba ta fitar da 120Hz sam. PS5 da ta fito a 2020 tana kaiwa 120Hz amma ba a kowane wasa ba. Fortnite da Call of Duty suna da wannan tsarin, amma wasannin ƙwallo FC da eFootball, waɗanda su ne kusan kowa ke bugawa a garin nan, a 60 suke tafiya. Xbox Series S da X su ma 120 ne iyakarsu. Ke nan mai konsol ba shi da abin yi da 240Hz, rabin kuɗɗin ya tafi a banza. Masu gidan gem da ke son sabunta kaya don ƴan ƙwallo, ku fara shiga saitin telen da kuke da ita ku kunna Mode Jeu, shi kaɗai yana rage jinkirin da ke tsakanin danna manet da motsin ɗan wasa fiye da yadda kuke zato, kuma kyauta ne.

Mai odinata kuwa sai ya auna. Ka buɗe wasan da ka fi bugawa ka kunna ma'aunin fps, Steam na da shi, Valorant da Fortnite suna da nasu a cikin saiti, ka buga na rabin awa kana kallon lambar, musamman lokacin da faɗa ya yi zafi don a nan take faɗuwa. In kana yawo tsakanin 50 da 70, kuɗɗinka ya fi amfani a kart grafik ko RAM. In kana wuce 120 a kai a kai, to kai ne ake ƙera ma ekaran ɗin nan. Kart irin RTX 3060 yana wuce 144 a Valorant cikin sauƙi a 1080p (ma'aunin yawan ɗigon hoto, yana nan a Mataki na 5), amma laptop na ofis mai ƙaramin grafik na Intel UHD ba zai kai ka ko'ina ba a manyan wasanni.

Mataki na 2: Hz nawa ya ishe ka

Lissafin ba shi da wuya, ka raba 1000 da lambar Hz ka samu yawan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da kowane hoto ke tsayawa. A 60Hz 16.7 ne, a 120Hz 8.3, a 144Hz 6.9, a 240Hz 4.2, a 360Hz 2.8. Duba da kyau, daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, wannan ko kakarka ta motsa linzami za ta ga bambanci. Daga 144 zuwa 240 abin da ka rage bai kai 3 ba, daga 240 zuwa 360 kuwa ɗaya da ɗan wani abu. Kowane hawa yana ƙara tsada yana rage riba. A ganina tsakanin 144 da 180 nan ne kuɗɗi ke yin aiki, 240 kuma na wanda ya riƙe wasannin harbi irin su Counter-Strike ko Valorant da gaske ne kuma yana da injin da zai ciyar da shi.

Mataki na 3: irin gilashin, a nan maganar take

Ekaran biyu za su iya zama 165Hz dukansu amma ɗaya hotonshi tsaf, ɗayan kuma in ka juya kamara komai ya yi jirwaye, bambancin yana cikin irin fanel ɗin, wato gilashin da ke nuna hoton. Uku daga cikin huɗun da ke kasuwa, wato TN da IPS da VA, duk LCD ne, akwai fitila a baya da ke kunne koyaushe, a gabanta kuma akwai ruwan kiristal da ke juyawa ya buɗe ma haske hanya ko ya toshe shi a kowane ɗigo na hoto. Yadda aka jera kiristal ɗin da saurin juyawarshi shi ne ya raba su. Na huɗun OLED ne, shi ba shi da fitilar baya.

TN shi ne tsoho kuma mafi araha. Kiristal ɗinshi na juyawa da sauri, shi ya sa shekara da shekaru shi ake gani a manyan gasannin Counter-Strike, har yau BenQ na yin jerin Zowie da shi. Matsalarshi launi da kusurwa. Ka ɗan sunkuya ka kalle shi daga ƙasa sai hoton ya yi baƙi, ka miƙe tsaye sai ya koɗe. To mu nan ba mu buga gem mu kaɗai, mutum biyu na riƙe da manet, biyar na zaune a tabarma suna kallo suna gardama, duk wanda ba ya daidai tsakiya ba zai ga abin kirki ba. In ba kai kaɗai kake zama gaban tebur kana harbi ba, ka bar TN.

IPS shi nake ba yawancin mutane shawara. Launinshi na da kyau, ko daga gefe ka kalla bai canzawa sosai, kuma tsohon aibinshi na rashin sauri ya wuce, waɗanda ake rubuta ma Fast IPS yanzu sun kusa kamo TN. Inda ya gaza shi ne baƙi. Bambancin haske da duhu a IPS wajen 1000:1 ne, ma'ana in ka kashe fitila da dare ka sa wasa mai duhu, baƙin zai fito toka-toka, kuma a kusurwoyin ekaran za ka ga wani ɗan ƙyalli kamar azurfa wanda ke motsi in ka motsa kai. Wannan ƙyallin halin IPS ne, kada ka koma ka yi faɗa da mai shago a kanshi. Da rana ko da fitila a kunne ma ba ka lura da shi. Ga wanda zai yi gem da shi kuma ya yi aikin hoto, ko montaj na bidiyon biki, ko karatun jami'a, babu kamar shi a kuɗɗinshi.

VA kuma akasin haka ne. Baƙinshi baƙi ne na gaske, 3000:1 ko fiye, kallon fim da dare a kanshi akwai daɗi, wasanni masu labari irin su God of War ko GTA suna fitowa da zurfi. Yawancin ekaran masu lanƙwasa da kuke gani VA ne, kuma su ne ke jan ido a shago. Amma ga inda gizo ke saƙa, kiristal na VA yana da nauyin tashi daga baƙi zuwa toka, sai ya zama in abu mai duhu ya motsa yana barin wutsiya a bayanshi kamar an shafa shi da hannu. A wasan harbi, cikin ɗaki mai duhu inda kake neman abokin gaba, daidai nan ne yake cutar ka. Akwai VA masu sauri, Samsung Odyssey G7 na 2020 ya nuna ana iyawa, amma masu arahar da suka fi yawa a kasuwa suna da wannan ciwon, ko da an rubuta 165Hz a kwali. Wasu kuma haskensu na ɗan rawa in fps na hawa da sauka alhali FreeSync, tsarin da ke sa ekaran ya bi gudun kart, na kunne.

OLED shi ne sarki wajen hoto, babu gardama. Kowane ɗigo shi ke ba da haskenshi, in wurin baƙi ne sai ya mutu gaba ɗaya, kuma canza launinshi bai kai milisakan ɗaya ba, kamfanoni na rubuta 0.03. Iri biyu ne a ekaran na gem, WOLED na LG da QD-OLED na Samsung wanda ya fara fitowa a ekaran na Alienware a 2022. Duk da haka ni ba na gaggawar ce ma ɗan Maradi ya saya, kuma ba tsada kaɗai ba ce. Na farko, abin da ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo na dindindin, allon maki na FC a kusurwa, taswirar Call of Duty, layin Windows na ƙasa, kuma zafi yana ƙara saurin tsufan ɗigon, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin waje na wuce digiri 40. Na biyu, ekaran ɗin na yin wani gyaran kanshi bayan ƴan awoyi na aiki, lokacin da ka kashe shi amma yana jone da wuta, in an ɗauke wuta ko kana cire fulogi kullum sai gyaran ya yi ta katsewa. Na uku, haskenshi in ya cika fuska duka bai kai na LCD mai kyau ba, QD-OLED ma in hasken rana ya buge shi baƙinshi na komawa ja-ja. Wasu kamfanoni na ba da garanti na shekara uku a kan tabon nan, amma ka tambayi kanka wa za ka kai ma shi daga nan. In kana da ɗaki mai kilim da labule da ondila, bismilla, za ka ji daɗinshi ƙwarai. Gidan gem da ake kunna FC daga safe har dare kuwa kada ma a fara.

Za ka ji ana Mini-LED. Wannan IPS ne ko VA da aka raba fitilar bayanshi gida ɗaruruwa don wani yanki ya yi duhu wani ya yi haske, yana da haske sosai kuma ba ya tabo. Shi kuwa tambarin HDR400, na alƙawarin ƙarin haske da launi, da ke kan masu araha kada ka ƙara ko dala a kanshi, babu abin da zai canza maka.

Mataki na 4: maganar 1ms

Kusan kowane kwali 1ms ne, wato ɗigo na canza launi cikin milisakan ɗaya, kuma kusan duka ba haka abin yake a wasa ba. Ka duba haruffan da ke bin lambar. In MPRT ne, ana samun shi ne ta hanyar sa fitilar baya ta riƙa ƙyaftawa da sauri, hoto ya yi tsaf amma haske ya ragu sosai, wasu ma kansu na ciwo, kuma a yawancin ekaran ba ya tafiya tare da FreeSync. In GtG ne, lokacin da ɗigo ke ɗauka ya tashi daga wata toka zuwa wata ke nan, kuma kamfani na auna shi ne a saitin da ya fi kowane tsanani, wanda in ka kunna shi za ka ga wani farin zobe na bin bayan duk abin da ya motsa. Saitin nan a menu sunanshi Overdrive ko Response Time ko Temps de réponse, yawanci hawa uku ko huɗu ne, ka bar shi a na tsakiya. Abin da kake buƙata shi ne ɗigo ya gama canzawa kafin hoto na gaba ya iso, a 144Hz ke nan ƙasa da milisakan 7, kuma IPS mai kyau na yin haka.

Mataki na 5: girma da yawan ɗigo

1080p ɗigo miliyan 2 ne da ɗan kai, 1440p miliyan 3.7, 4K miliyan 8.3, kuma duk kart ɗinka ne zai zana su a kowane hoto, ke nan in ka hau 1440p fps ɗinka zai sauka. Inci 24 da 1080p sun dace da juna. Inci 27 ya fi son 1440p, in ka sa mishi 1080p rubutu na fitowa da ɗan kaushi in kana kusa, inci 32 da 1080p kuwa a kan tebur ban ba ka shawara ba ko kyauta-kyauta ake sayarwa. PS5 ta samu 1440p tun sabuntawar 2022. 4K mai gudu na masu manyan kart ne.

Mataki na 6: juya shi ka duba baya

A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ekaran na iya zama 165Hz amma ta ƙofa ɗaya kawai yake ba da ita, yawanci DisplayPort. HDMI 1.4 da ƙyar yake wuce 120Hz a 1080p. HDMI 2.0 na ɗaukar 240Hz a 1080p, 144Hz a 1440p, amma a 4K 60 ne kawai. 4K a 120Hz daga PS5 sai HDMI 2.1 da kabul ɗinshi. Mai odinata ta tebur ya nemi DisplayPort, kuma ya jona kabul ɗin a jikin kart grafik, ƙofofin da ke ƙasa a kwance, ba na saman da ke jikin uwar allo ba. Mai laptop ya binciki lambar HDMI ɗinshi tun kafin ya fita kasuwa, wasu laptop ɗin ta USB-C suke fitar da gudu mai yawa. VGA mai shuɗin kai da ƴan adaftar HDMI zuwa VGA ka manta da su a wannan harkar. Kuma ka tabbata kabul ɗin na cikin kwali, don DisplayPort mai kyau ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Mataki na 7: FreeSync da G-Sync

Fps ba ya tsayawa wuri guda, yanzu 140 anjima 95, in ekaran bai bi shi ba sai hoto ya riƙa tsagewa biyu a kwance. Nvidia ta fito da G-Sync a 2013, AMD ta biyo da FreeSync a 2015, aikinsu ɗaya, ekaran ya jira kart. Tun 2019 kart na Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama suna aiki da yawancin ekaran na FreeSync ta DisplayPort, saboda haka ba sai ka biya tsadar G-Sync na asali ba. Xbox na karɓar FreeSync ta HDMI. PS5 kuwa ba ta karɓa, ita sai ekaran da ke da VRR na HDMI 2.1, wani tsari mai irin wannan aikin, mai PS5 ya duba wannan kalmar takamaimai.

Mataki na 8: gwaji a gaban mai shago

Kada kunya ta hana ka. Ka ce Alhaji don Allah a jona mini shi in gani, mai kayan kirki ba ya ƙi. Ka tafi da laptop ko konsol ɗinka da kile USB mai hotuna biyar, fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi, kowane ya cika fuska. A farin kana neman ɗigon da ya mutu da kuma wurin da ya yi rawaya, a baƙin kana neman ɗigon da ya maƙale da launi da hasken da ke yoyo ta gefe, in shagon na da haske ka yi mishi inuwa da riga. Ka karanta lambar model a takardar da ke manne a baya ka buga ta a waya ka ga ko irin fanel da Hz ɗin sun yi daidai da abin da aka faɗa maka, don akwai ekaran na ofis masu 75Hz da ake ce ma na gem saboda kawai suna da jan layi a ƙafa. Sai ka shiga saitin Windows, Système, Affichage avancé, ka ga ko lambar Hz ɗin ta fito a jerin, ka zaɓe ta. In akwai intanet ka buɗe testufo.com, wasu ƴan jirage ne ke wucewa, zai nuna maka Hz na gaskiya kuma idonka zai ga wutsiyar VA in akwai. In okaziyo ne ka bar shi a kunne kamar minti 20, wasu sai sun yi zafi suke fara layi ko ƙyaftawa, ka gwada kowace ƙofa da kowane maɓalli, wasu ma a menu suna nuna awoyin da suka yi aiki. OLED na okaziyo ka ƙara mishi hoton toka, a nan tabo ke bayyana. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya maido shi tun kafin kuɗɗi su bar hannunka.

Mataki na 9: bayan ka kai shi gida

Windows sau da yawa tana barin sabon ekaran a 60Hz har sai ka canza da hannunka, ka koma wurin nan na Affichage avancé ka sa lambar sama, ka kunna FreeSync a menu na ekaran da kuma manhajar kart ɗin. A PS5 ka shiga saitin hoto ka kunna 120Hz, a cikin wasa ka zaɓi Performance.

Wuta kuwa, dawowarta da ƙarfi bayan an ɗauke ita ke ƙona kaya, ka sa ondila ko aƙalla regilata tsakanin bango da na'urorinka, kuma in kuna kan janareto ka jira ya daidaita kafin ka kunna. LCD na inci 24 zuwa 27 yawanci wat 25 zuwa 45 yake ci, pano da batir na gida suna ɗaukar shi. In ka samu zaɓi, wanda ke da sharja a waje ya fi sauƙin gyara, in wuta ta buge shi sharjar kawai za ka canza, amma ka nemi mai volt da amfiya daidai da abin da aka rubuta a baya. Yawancin takardun kamfani iyakar zafin da suke yarda da shi digiri 40 ne, ɗakin kwano da azahar a bazara na iya kaiwa nan, ka bar tazara tsakaninshi da bango, ka sa vantilata, ka rage haske zuwa wajen rabi. Lokacin hunturu ƙura na shiga ta ramukan iska na sama, in ka gama ka jira ya huce ka rufe shi da zane. In za ka goge gilashin ka fara hure ƙurar tukuna don yashin da ke cikinta na karce shi, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi da ka ɗan jiƙa da ruwa, ekaran a kashe, ba tare da sabulu ko alkol ba.